Folish a Bayan Murhu, Kitse a Kan Waya

Zuwa ga ɗana Attahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga uban da ya kasa zama wuri ɗaya don murna. Ina fata ka sauka Birnin Kebbi lafiya, ka sami ɗaki mai ƙofa da maƙwabta masu tsoron Allah, kuma ruwan garin ya karɓe ka. Allah ya tsare min kai daga sharrin baƙunta, ya tsare ƙafarka da hannunka da bakinka. Innarka ta ce in sa gaisuwarta gaba da tawa, to ka ɗauka na sa.

Attahiru, murhunka ya fito! Jiya da hantsi Mamman mai walda ya turo shi a amalanke har ƙofar gida, sai ga mutanen layinmu sun fito kallo kamar an kawo amarya. Baƙi ne wuluk, yana ɗaukar ido. Murfinsa yana buɗewa ba ƙara, an sa masa mariƙin katako don kada ya ƙona ka, ƙafafunsa na bututu ne masu kauri, ga kanta a gefe inda za ka riƙa yanka albasa. Wallahi ya fi nawa kyau, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan. Na zagaya shi, na sake zagayawa, har Innarka ta leƙo ta ce, "Malam, in ka gama gaishe shi, furarka tana jira."

Wannan takarda za ta iso maka tare da shi a motar Shehu mai kai hatsi Birni. Kafin ka hura wuta, ka leƙa cikin murhun. Akwai gwangwani naɗe a tsumma, ka fitar da shi tukuna. Man goge mota ne, wanda mu direbobi muke ce wa folish. Saboda wannan gwangwani na zauna rubutu. Ranar da muka raka ka tasha na so in gaya maka komai, amma mutane sun yi yawa, kuma duk lokacin da na buɗe baki sai dariyar murna ta riga magana fita. Ka yi aiki a gefena, ka ga yadda nake kula da nawa murhun, hannunka ya iya. Amma shekarun da na sha wuyar koyo kana Alelu wurin kakarka, daga can ka wuce makarantar kwana, don haka gutsattsarin labarin kawai ka ji a bakin masu tsokanata. Yau ga shi daga bakin mai shi, tun daga farko.

Ka san na daɗe ina jan motar Alhaji Sanda na Aliero, ina kai albasa Kudu. A can ne, a bakin wata tasha, na ga wani mutum yana gasa nama a cikin gangar mai da aka tsaga biyu, rabi ya zama ciki, rabi ya zama murfi. In ya rufe, zafi da hayaƙi su zauna ciki, naman ya nuna har ƙashi bai bushe ba. Na ci, na ƙara, na ce a raina in Allah ya sauke ni daga kan titi sai na yi irin wannan a Jega. Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, gwiwata ta hagu ta ƙi taka kuloci. Rediyo yana ta shelar sabuwar jiha, gari yana ta kaɗe-kaɗe, ni kuma na miƙa wa Alhaji makullin motarsa, na sa aka mirgina min ganga zuwa wurin Mamman. Duk masu tsiren garin nan a tukubar ƙasa suke gashi, don haka da suka ga abina sai dariya. Wani ya ce, "Direba ya saba da mota, har nama sai ya yi mashi bonet." Na ƙyale su. Ba a daɗe ba masu dariyar suka fara aikowa a sayo musu a ɓoye.

Kuskurena na farko toka ce. Na ɗauka abin da ya jure wuta ba ruwansa da ruwan sama. In na tashi aiki sai in rufe murfi, in bar murhun nan gindin darbejiya da tokarsa a ciki, in kama hanyar gida. Damina ta sauka, marka ta biyo, ruwa yana shiga ta bakin murfi yana jiƙa tokar. Ban san jiƙaƙƙiyar toka cin ƙarfe take yi kamar yadda gara ke cin azara ba. Ina ganin ja-ja a gindin gangar, ina cewa ai ƙasa ce ta fallatsa.

Sai wata ranar kasuwa, rana ta take tsaka, kara ta cika da shanu, dillalai sun fara jin yunwa. Na cika cikin da gawayi, wuta ta kama ja zur, na jera balangu har ba wurin sa yatsa. Mutane sun kewaye ni, kowa yana nuna tsokar da yake so. Ina cikin juya wata cinya sai na ji ƙaras, sai rugum! Gindin gangar ya zube gaba ɗaya. Garwashi ya watsu a ƙasa, wayar da na jera naman a kai ta karkace, nama ya bi ta. Wani makiyayi da ke tsaye kusa ya dogara sandarsa ya yi tsallen da ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba. Wani dillali kuma gefen babbar rigarsa ya kama, sai da aka juye masa ruwan buta. Allah ya tsare ba wanda ya ƙone, in ban da babban yatsan ƙafata da har yau farcensa bai dawo daidai ba. Na tsaya da wuƙa a hannu ina kallon ƙasa ta cikin murhuna.

Don haka, ɗana, kullum ka tashi aiki ka bari ya huce, ka kwashe tokar tas. Kada ka kashe wuta da ruwa a cikinsa, ka kwaso garwashin a kasko ka kashe shi waje. Ka shigar da murhun ƙarƙashin rumfa, in babu rumfa ka rufe shi da tamfol, amma da safe ka yaye ya sha iska, don gumin da ke taruwa a ƙarƙashin tamfol shi ma ruwa ne. In ka ga ɗigon ja ko da kamar ƙwayar gero ne, kada ka ce sai gobe. Kankare shi da buroshin ƙarfe, ka shafa fenti. Ba fentin ƙofa ba, fentin salansar mota wanda ke jure zafi. Masu gyaran bodi suna da shi, ka nemi sabo da su tun yanzu.

Mamman ya yi min na biyu. Wannan karon tsoron tsatsa ya shige ni, ko hadari na hango a gabas sai gabana ya faɗi. Tsoron nan ya sa na yi wata 'yar wauta. Na samo abin cike bodin mota, na bi duk wata kafa da na gani a jikin gangar na toshe, har da ramukan da Mamman ya huda a gefe. Washegari wuta ta ƙi ci. In fifita ta tashi, in bari ta kwanta. Na je ina yi wa Mamman faɗa wai ya yi min murhu marar sa'a. Ya zo ya duba, ya dafe kai ya ce, "Direba, ka taɓa ganin injin da ya tashi an toshe mashi hanci?" Ya sa ƙusa ya ɓalle su duka. Naka ma yana da waɗannan ramuka, ka bar su a buɗe. Na iska ne, kuma in ruwa ya yi kuskuren shiga, ta nan zai fita.

Yanzu ga ranar da na fi so in ba ka labari. Ina neman sifana a tsohon akwatin kayan aikina, sai hannuna ya faɗa kan gwangwanin folish da ya rage tun ina jan motar Alhaji. Na buɗe, ƙamshin ya bugi hancina. Na tuna yadda nake goge kan motar a bakin gulbi kafin mu kama hanya, ruwan Kudu ya yi ta zuba a kanta wata da watanni ba ta yi tsatsa ba. Na ce to, murfin murhu da bonet mene ne bambancinsu? Duka ƙarfe ne da fenti.

Na jawo murhun inuwa, na wanke bayan murfin, na shafa, na bari ya yi fari-fari, na goge da tsohuwar singileti. Attahiru! Sai ga fuskata a jikin murhu, har giɓin haƙorina. Na ɗauko buta na yayyafa ruwa. Ruwan bai kwanta ba, dunƙulewa ya yi ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa kamar a kan ganyen bado. Na ƙwala ihu. Innarka ta fito a guje da muciya a hannu, ta ɗauka kunama ce ta harbe ni.

"Lafiya, Malam?"

"Zo ki gani! Ruwa ya ƙi zama!"

Ta dubi murhu, ta dube ni, ta ce, "To, don ruwa ya ƙi zama ka sa na bar tuwo bisa wuta?"

Amma ta karɓi butar ta zuba da kanta, ta sake zubawa, tana dariya kamar yarinya, sai da ruwan ya ƙare. Tuwon ranar ya yi ƙauri, haka muka ci shi. Daminar nan ta zo ta wuce, murfin da ƙafafun ko ɗigon tsatsa babu.

Daga nan murna ta fara ja na da gudu. Lokacin cirar albasa na ɗauki murhun zuwa Aliero, don a lokacin garin cike yake da fatake da 'yan lodi da direbobi, tsofaffin abokan hanyata. Na so in burge su. Na sauke gashin rana ke nan, ƙarfen da sauran zafi, rana kuma tana dukan sa, na lafta masa folish mai yawa a gabansu. Nan take ya narke ya bi jiki, ya bushe, ya daskare, ya yi zane-zane fari kamar balbelu sun kwana a kansa. Na goga, na goga, ya ƙi fita. Abokina Ɗan'ige, wanda muka sha hanya tare, ya riƙe ciki ya ce, "Umaru, ba kai ka koya muna kada a goge mota cikin rana ba?" Gaskiyarsa. Sai da na yi kwanaki ina bin sa da ruwan ɗumi da sabulu kafin ya dawo hayyacinsa.

To ga yadda za ka yi. Ka bari ƙarfen ya yi sanyi har ka iya ɗora kumatunka a kai. Ka kai shi inuwa. Ka wanke maiƙo da ƙura, ka bari ya bushe sarai, don in ka shafa a kan datti, dattin ka adana. Ka lakato kaɗan a tsumma mai laushi, kaɗan nake cewa, ka shafa kana murzawa a zagaye. In ya yi fari kamar hazo, ka sa wani busasshen tsumma ka goge har ya yi sheƙi. Bayan murfi, ƙafafu da ƙarƙashin kanta, nan ne wurinsa. Gindin da ke ɗauke da garwashi ba ya so, zafin wurin ƙona shi zai yi ya tayar da wari. In kana son sanin ko lokacin sake shafawa ya yi, yayyafa ruwa. In ya dunƙule, da saura. In ya kwanta ya baje, ɗauko gwangwani. Kafin saukar damina kuwa, ko bai nema ba ka ba shi.

Babban kuskuren a Maiyama ya same ni, kuma shi nake so ka karanta a natse.

Alhaji Sanda ya sami jikan fari, ɗan babban ɗansa da ke zaune a Maiyama. Ya aiko musamman ya ce ba wanda zai taɓa ragon sunan sai ni. Ka san yadda na ji? Mutumin da na yi wa direba, yau yana kirana da sabuwar sana'ata, a gaban manyan Aliero da na Maiyama. Ana gobe suna na wuni a kan murhun. Na wanke, na goge, yana ta walƙiya. Sai na ɗaga murfi na ga cikin ya yi duhu, waya ta yi baƙi. Zuciyata ta ce abin da ya gyara waje ai zai gyara ciki. Na shafe cikin murfin da folish, na shafe bango, na bi wayar layi-layi na shafe. Innarka ta zo wucewa ta tsaya.

"Malam, wanga abu ba a bakin mutane zai ƙare ba?"

Na ce mata wuta za ta cinye shi, ta je ta ji da kayan barkarta.

Da safe aka raɗa suna, aka yanka rago, rago kuwa na gani na faɗa. Mahauta suka feɗe suka miƙo min. Na kafa murhuna a inuwar mangwaro a ƙofar gida, mutane suka taru suna kallon sheƙinsa, har wani yana gyara hularsa a jikin murfin. Na hura wuta. Na ji wani wari-wari, na ce sabon gawayi ne. Na jera rabin ragon, cinya da haƙarƙari da gadon baya, na rufe murfi don ya nuna da kyau. Wato na kulle naman a ɗaki ɗaya da hayaƙin folish.

Da na buɗe, a ido ban taɓa yin gashi mai kyau irin wannan ba. Cikin masu zaune a tabarma akwai Ardo Manu, dattijon Bafulatanin da ya yi kiwon ragon ya sayar wa Alhaji. Don girmamawa na yanko masa tsokar farko. Ya yi bismilla, ya sa a baki, ya fara tauna, sai ya tsaya. Ya juya baya a hankali ya fitar a tafin hannunsa. Sannan ya yafito ni da yatsa, ya yi ƙasa da murya.

"Umaru, wanga rago ni na yi kiwo nai tun yana bin uwa tai. Haki ya ci, da harawa, da dusa. Ban taɓa ba shi kananzir ba."

Na yanki 'yar tsoka na sa a bakina. Attahiru, kamar na lashi bodin mota. Ɗaci, da wani maiƙo mai manne wa dasashi, da ƙamshin gwangwanin nan sak. Na juya na tofar.

Ɗaya daga cikin mahautan ya matso ya ce a kunnena, "Zuba mashi yaji da yawa, ka matse lemun tsami. Jama'a na jin yunwa, ba mai ganewa." Hannuna har ya kai kan kwanon yaji. Sai na hango mata sun miƙo kwanuka daga cikin zaure, na tuna kason farko na mai jego ne, yarinyar da ke shayar da jinjirin da muka taru dominsa. Na janye hannuna na mayar da murfi.

Na sami Alhaji a zaure cikin baƙinsa, na durƙusa na ce ina son magana. Ya fito. Na gaya masa abin da na yi, ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallona. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

"Umaru, shekara da shekaru kana jan motata ba ka taɓa kifar da ita ba. Yau ka kifar min da rago yana kwance." Ya juya zai shiga, sai ya tsaya. "Rabin da ya saura fa?"

"Bai taɓa wayar ba, Alhaji."

"To kada ya taɓa ta."

Na dawo ban san ta inda zan fara ba, sai na ga Ardo ya miƙe da addarsa ya nufi bayan gari. Jim kaɗan ya dawo rungume da itatuwa, ya zauna yana feƙe su tsinke-tsinke. Mahaucin nan da ya ba ni shawarar yaji shi ya fara tara ƙasa, muka tayar da tukuba irin ta da, wadda na daɗe ina yi wa kallon raini. Muka yayyanka sauran naman, muka tsire, muka kewaye wuta da shi. Wanda ya lalace kuwa na haƙa rami na binne da hannuna, don kada ko kare ya ci. Naman bai nuna ba sai bayan la'asar, kuma bai isa ba. Motar baƙin Aliero ta tashi, da yawansu ba su ɗanɗana ba. Ina tsugune gaban wuta ina jin tashin motar, na kasa ɗaga kai. Murhuna yana can gefe yana ta sheƙi, ba mai kallonsa.

A hanyar dawowa ina jira Innarka ta tuna min maganarta ta jiya. Ba ta yi ba. Tana zaune gefena a bayan a-kori-kura, ta riƙe ƙafar murhun don kada ya karkace. Sai da muka hango Jega ta ce, "Mai jego ta ci tsiren, ta ce a gaishe ka da aiki." Nan ne idona ya cika.

Na ƙone wayar a wuta mai ƙarfi har ta yi ja, na dirje ta da yashi, cikin murfin ma haka, na yi ta maimaitawa har warin ya tafi. Daga ranar ne sunan Umaru Folish ya bi ni, wanda ka sha ji a tasha kana jin haushi. Ka daina jin haushi, ni na saye shi da hannuna. Alhaji bai sake nemana ba sai da yaron nan ya fara gudu a tsakar gida, aka yi masa ƙanwa. Sai ga saƙo ta bakin Ɗan'ige: "Alhaji ya ce ka zo, amma ka bar gwangwanin gida." Na je, na gasa, ya ci a gaban jama'a, ya miƙo hannu a ƙara masa.

Saboda haka ka riƙe wannan fiye da duk abin da na rubuta a sama. Abin da ba za ka iya lasa da harshenka ba, kada ya taɓa inda nama ke taɓawa, kada ya shiga inda hayaƙi ke zagayawa. Cikin murhu abincinsa daban. In waya ta yi zafi, ka raba albasa biyu, ka soke rabin da wuƙa, ka dirje wayar da ita, za ta ɗebe duk dattin jiya. Sannan ka bi ta da guntun kitse ko man gyaɗa. Bayan ka tashi aiki ka sake shafa mata mai kafin ka ajiye. Baƙin da kake gani a ciki ba ƙazanta ba ne in kana kula da shi, shi ne ke hana tsatsa, kada sheƙin waje ya sa ka raina shi. Tsumman folish da tsumman waya kada su kwana a jaka ɗaya. Kuma kowane gashi, kai za ka fara ɗanɗanawa kafin baƙo. In ka ji ba daidai ba, kada ka binne shi da yaji. Ka je ka faɗa da bakinka, da wuri, tun akwai rabin da za a ceta. Za ka ji kunya, za a yi maka suna, wataƙila a daɗe ba a kira ka ba. Amma za a kira ka.

Sannan in wani na kusa da kai ya tsaya ya yi maka tambaya a lokacin da kake cikin zumuɗi, ka ajiye abin da ke hannunka ka amsa masa da hankali. Ni a jinina zumuɗi yake, kuma na ga alamarsa a naka tun kana ƙarami. Ba abin ƙi ba ne, shi ya kai ni ga ganga, shi ya kai ka Birni. Sai dai yana son mai ja masa birki.

Kai, Attahiru, ina ma ni ne kai! Babban birnin sabuwar jiha, ofisoshi suna ta tashi, ma'aikata sun taso daga Sakkwato sun baro iyalansu a can, azahar tana yi yunwa za ta koro su waje. Magina, direbobi, masinjoji, manya masu babbar riga, duk hancinsu ɗaya ne. Ka tsaya inda iska za ta kai musu ƙamshi. Ka sa riga mai tsabta, ka yanke farce, ka gaishe da wanda ya sayi tsinke ɗaya kamar yadda za ka gaishe da wanda ya sayi cinya. Masu tsiren da ka tarar a can ka je ka gaishe su tun kafin ka hura wutar farko, ka ce musu kai baƙo ne, ɗansu ne. In an kira salla ka janye naman gefe, ka rufe murfi, ka tafi, zai jira ka.

Wata rana, ba zan gaya maka ko yaushe ba, zan shigo motar safe in zo. Zan tsaya a cikin masu jira kamar kowa. Kada ka taso, kada ka durƙusa, kada ka ce wa kowa ga babana. Ka yanko min daga inda kake yankar wa mutane, ka naɗe min a takarda, ka barbaɗa yaji. Zan koma gefe in ci a tsaye ina jin abin da suke faɗa a kanka. In na gama na lashe yatsuna, ni da kaina zan ɗaga murya in gaya musu ko ɗan wane ne.

Allah ya sa ka hura wutar farko a sa'a. Allah ya tsare ka daga ƙuna da yankan wuƙa da mugun abokin zama, ya kiyaye fitarka da shigarka, ya sa albarka a hannunka, ya sa duk wanda ya ci abin hannunka ya tashi lafiya. Allah ya dawo mana da kai muna raye, kana cikin ƙoshin lafiya da mutunci. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru Direba,
Jega.